A Gaya Masa Ya Kai Shi

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu, can wani ƙauye bayan Gwaram, ba a wasa da wannan. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, bango ɗaya ne tsakaninmu da ɗakin Inna, amma in muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta kau da kai kamar ta ga surukinta. In tana son in yi wani abu, sai ta faɗa wa duk wanda ke kusa: a gaya masa ya ɗebo ruwa, a gaya masa ya kai awaki kiwo. Ko da kuwa ina tsaye a gabanta. Ni ma sai in ba ɗan aiken amsa, shi kuma ya juya ya maimaita mata abin da ta riga ta ji da kunnenta. 'Yan birni in na ba su wannan labari dariya suke yi har da riƙe ciki. Mu ba mu ɗauke shi abin dariya ba, ba mu kuma ɗauke shi ƙiyayya ba. Kunya ce, haka muka tarar ana yi.

Da na girma na sami aikin koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, na yi aure a can, sai na riƙa zuwa gida ƙarshen wata da lokacin hutu. A nan na gane Inna tana da wani bakin da take min magana da shi. In na iso, kafin in gama gaisawa da maza a zaure, kwanon fura ya riga ni zuwa ɗaki, kuma nonon da ke ciki ya fi na kowa kauri. Ran da zan koma sai in tarar an ɗaure ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a bayan babur, da wani ɗauri na mugunta da ita kaɗai ta iya, sai matata ta sa wuƙa. Takan kuma ɗaga murya ta tambayi autanta, yadda zan ji daga inda nake, ko wancan ya ci abinci, ta ga ya rame. Wancan ɗin ni ne. Shekara talatin da 'yan kai ina rayuwa da wannan, kuma ya ishe ni.

Mu uku ne a ɗakin Inna: ni, sai ƙanwata da ta yi aure nan cikin ƙauyen, sai auta, wanda na ba shi shekara goma sha huɗu. Babanmu ya rasu auta bai shiga makaranta ba, gidan ya koma hannun Baffa, ƙanen Baba. Duk hirar da kunya ta hana Inna yi da ni, a kan auta ta juye ta. Shi ne mai hawa tabarmarta, mai sa hannu a kwanonta, mai ce mata tsohuwa ta biyo shi da muciya suna dariya. Ƙarya nake in na ce abin bai taɓa sosa min rai ba. Amma yaron ba a iya jin haushinsa a daɗe. Ga surutu ga tsiwa, in ya ja "Yaya" da wata murya na san makullin babur yake so. Da ya gama sakandare ya ce shi aikin jinya zai karanta, ni na nemo masa takardar shiga, aka sa ranar jarrabawa a Birnin Kudu. Tsakiyar damina ce, ina gida hutu muna maimai a gonar dawa.

Tsakanin ƙauyenmu da titin Gwaram akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki. Da damina kuwa sai an duba dutse. Wani baƙin dutse ne a tsakiyar mashigi, tun kakanni da shi ake auna ruwa: in kansa ya fito fili, a ƙetare, in ya nutse, kowa ya koma gida, ko da mai naƙuda aka ɗauko. Mun yarda da dutsen nan fiye da yadda muka yarda da rediyo. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa ruwan da ke gabansa kawai yake aunawa, bai san wanda ke tahowa daga tudu ba.

Jarrabawar ranar Talata ce da safe. Ran Lahadi da yamma aka yi yayyafi a wajenmu, ba wani abin kirki ba, amma can kudu wajen duwatsu hadari ya haɗu baƙi ƙirin yana ta walƙiya. Da gari ya waye ran Litinin na ce mu bari sai bayan azahar, mu ga abin da rafin zai yi, tunda ko da la'asar muka tashi za mu kwana a gidana. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina shan koko, ƙanwata ta shigo gaida Inna, sai na ji muryar Inna daga madafi:

"A gaya masa ya kai shi yanzu. In ruwa ya ƙaru, yaron nan ya rasa jarrabawarsa."

Ƙanwata ta juyo ta maimaita. Na ce ta gaya wa Inna ruwan tudu bai iso ba tukuna, shi nake tsoro. Inna ta ce an je an dubo, kan dutse a waje yake, a gaya masa ya kai shi. Sau biyu ke nan. A gidanmu ɗa ba ya mayar wa uwa saƙo sau biyu. Na ajiye kofin koko na tayar da babur.

Gaskiya ne, kan dutse a waje yake, ruwa iya cinya. Na kashe babur na riƙe kai ina ja, auta yana turawa ta baya, ya cusa takardunsa cikin leda a ƙarƙashin hula, yana min tsiya wai malamin makaranta guda yana tsoron ruwan da akuya za ta ƙetare. Mun wuce dutsen da taku kaɗan na ji wata ƙara kamar tirela ta taho a kan titi. Na ɗaga kai na ga ruwa ja wur yana gangarowa da karare da rassan itace. Na saki babur na cafko wuyan hannunsa. Na riƙe shi, wannan na sani, domin na ji ƙashin hannunsa a tafina, na kuma ji yana cewa, "Yaya, riƙe ni." Ruwa ya ɗauke mu tare. Sai wani kututture ya haɗa ƙafata da dutse, na ji ƙashi ya karye, kuma daidai nan hannuna ya buɗe. Masu shinkafa a fadama ne suka tsamo ni, na maƙale a saiwar wata bishiya. Shi sai bayan kwana biyu aka same shi, can nesa.

Ina asibiti a Birnin Kudu da ƙarfe a ƙafa aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Masu dubiya suka yi ta zuwa, malaman makarantarmu, maƙwabta, dangin matata daga Sundimina. Kowa da magana ɗaya ya zo, kamar a ƙofar asibitin ake raba musu: ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ba. Amma na lura da yadda ake aiki da ita. Da na buɗe baki na ce muna tsakiyar ruwa, sai a kifa min ita kamar murfin tukunya. Kada ka tuna, Malam. Ka bar wa Allah. Wata guda na yi a kwance, ba mutum ɗaya da ya tambaye ni me ya faru. Daga gida Baffa ya zo sau ɗaya, ya tsaya ta wajen ƙafafuna, ya yi addu'a, ya ce yana sauri kada ya rasa mota.

Ranar sadakar arba'in na matsa aka sa ni a mota da sanduna biyu, aka ƙetare da ni rafin a kafaɗa, idona a rufe. A zaure na tarar labarin ya riga ya nuna, an sauke, an raba wa kowa. Wai an hana ni tafiya na ƙi. Wai Baffa da kansa ya ce in jira azahar, ni kuwa da yake ɗan boko ne mai taurin kai sai na ja yaro na shiga ruwa. Baffan da a safiyar nan tun da asuba ya tafi kasuwa da tumakinsa. Ba a gabana ake faɗa ba, Allah ya kiyaye, mu mutanen kirki ne. A gabana ƙaddara ce, sai na juya baya take zama taurin kai. Wani ɗan uwa da ya ga kamar alheri yake min shi ya tsegunta min.

Na kira ƙanwata bayan rumbu na ce, ke fa ce 'yar aiken, da bakinki kika maimaita. Ta fashe da kuka.

"Yaya, so kake in ce Inna ce ta kashe shi?"

Ban ce haka ba, ban kuma taɓa tunanin haka ba. Amma a nan na gane shawarar da gidan ya yanke ba tare da an zauna ba. Dole wani ya ɗauki abin. Tsohuwa ba za ta iya ba. Ni kuwa ga ni namiji, ga ni a birni, ba kullum za a gan ni ba, sai aka ɗora min. Na ɗauka, don wane ɗa ne zai miƙe a zaure ya ce uwarsa ce ta aike shi?

Na shiga gaida Inna, na durƙusa da ƙyar a bakin ƙofa, ta juya fuskarta bango. Duk wanda ya gani zai ce kunyar ɗan fari ce, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan. Al'ada ta ba ta inda za ta ɓuya, ba mai iya cewa ta yi min komai. Ni kaɗai na san bambancin. Fura ba ta zo ba. Ba a tambayi kowa ko wancan ya ci abinci ba, wanda ake tambayar ma ya tafi. Da za mu koma na duba kayana har sau biyu, ba ƙulli.

Ƙafa ta haɗe, na koma aji ina ɗingishi. Sauran jikin ne ya ƙi haɗewa. In hadari ya taso sai gumi ya karyo min, yayyafi a kan kwano ya isa ya sa in manta abin da nake rubutawa a allo, in tsaya da alli a hannu yara suna kallona. Tirela ta wuce a titi in ji ƙirjina zai tsage. Wanka sai da kofi, kaɗan-kaɗan. Hannuna na dama kuwa na tsane shi tsana ta gaske, ina cin tuwo da shi ina jin haushinsa. Me ya sa ya buɗe? Ni na buɗe shi don in ceci kaina? Wannan tambayar nake kwana da ita nake tashi da ita, kuma nakan farka in tarar na damƙe bakin katifa har faratana sun yi ciwo.

Na zama masifaffe. Ɗalibi ya yi tari in daka masa tsawa. Matata ta juye ruwa a randa in ce wa ya sa ta, ba ta ga ina gida ba? Ita ta sha wahalata fiye da kowa, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Danginta suka ɗauke ni zuwa wajen malamai, na sha rubutu, aka yi min hayaƙi wai aljanin ruwa ne ya biyo ni. Na sha, na shaƙa, na yi tari. Aljanin ko a jikinsa.

Wadda ta fara taɓa inda ke ciwo ba ma 'yar ƙasarmu ba ce. Wata ma'aikaciya ce a ɗakin gashin ƙashi, Kirista daga Filato, dattijuwa mai faɗa, wadda Hausarta ba ta damu da bambance mace da namiji ba. Kowa tsoronta yake ji, ni ma haka. Wata rana tana cikin murza min ƙafa aka soma ruwa, ta ga yadda na damƙe ƙarfen gado. Ta dakata, ta jawo kujera ta zauna.

"Malam, me ya faru a ruwan nan?"

Kusan shekara guda ke nan, ita ce ta farko da ta tambaya. Na buɗe baki na zayyana mata tun daga kofin koko har saiwar bishiya. Na yi kuka da majina a gaban wasu tsofaffi biyu masu shanyewar jiki, ban damu ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na gama sai ta miƙo min yatsunta biyu ta ce in riƙe da duk ƙarfina. Na riƙe. Ba zato ta danna daidai inda ƙashin ya karye, na yi ƙara, ina dubawa sai ga hannuna a buɗe, yatsunta a waje.

"Wannan danni ne kawai na yi," in ji ta. "Kai kututture ne ya buge ka."

Na daɗe ina kallon tafin hannuna. Ba zan ce na warke a ranar ba, amma a ranar na fara cin abinci ba tare da faɗa da hannun ba.

Ita ta tura ni wajen likitan ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san ba a ɓoye zama a bencin ƙofar likitan nan. Na riƙa jawo hula har gira, a banza, sati biyu ba a yi ba labari ya isa ƙauye wai na zare. Wasu suka ce alhaki ne, ai ran yaro ba ya tafiya haka kawai. Mutanen da ba su iya hawa mota su zo duba karayata ba, sun iya ɗaukar wannan labarin gida-gida da ƙafa. Na ci gaba da zuwa. Likitan ya ba ni magani, ya sa na maimaita labarin har na iya faɗarsa muryata ba ta rawa. Ya ce in ana ruwa in zauna bakin taga in kalla, in ƙirjina ya buga in bar shi ya buga. Daga taga na koma bakin ƙofa, daga nan tsakar gida, matata tana tsaye kusa da ni da ciki, mu biyu muna jiƙewa kamar marasa hankali, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Damina ta gaba na yi barci ana ruwa, na tashi da safe na ga tsakar gida a jiƙe na tambaya yaushe aka yi.

Ni ina haɗewa, tsakanina da gida yana ƙara tsagewa. Mu gandu muke noma, gona ɗaya, in kaka ta yi kowa ya zo yankan dawa a raba. Da can nakan ɗauki kwana uku in je in sa hannu. Shekarar nan tun ban nemi izini a makaranta ba direba ya bugo min waya wai in zo tasha, Baffa ya aiko da rabona. Buhu biyu cif, ba a rage ko tiya ba. Malaman makarantarmu suka yi ta yabo, wai danginka na ji da kai, Malam, ka huta da wahalar hanya. Na yi murmushi. Na san an aiko ne don kada in sami dalilin zuwa.

Matata ta haifi mace, na aika gida. Ƙanwata kaɗai ta zo suna, da turmin atamfa shuɗiya wai daga Inna. Na san idon Inna a zane, ba ta taɓa sayen shuɗi ba, ƙanwata ce ta saya da kanta. Ban tona ta ba. Inna ba ta riƙe waya, don haka ƙanwata nake kira, kullum ta ce Inna tana gaishe ni. Wata rana na ce, tsakaninki da Allah, da bakinta ta faɗa? Sai ta ce layin ba kyau. Salla biyu na je, na durƙusa a bakin ƙofa, na gaida bayan Inna na taso.

A shekara ta uku likita ya ce abin da magani zai yi ya yi. Ni na san abin da ya rage. So nake Inna ta ji daga bakina cewa na riƙe shi. Ba zan ambaci wanda ya aike mu ba, na yi wa kaina wannan alkawari. Kawai kada ta mutu tana zaton na saki ɗanta na ceci kaina, don a zatona abin da ke ranta ke nan. Matata ta ce in bari, tsohuwa ce, kada in tayar da abin da ya kwanta. Na ce a wajensu ya kwanta, ni a kaina yake zaune.

Da rani na je, rafin yashi ne, na taka na wuce. Na biya na ɗauki ƙanwata, tunda ba a yi wa Inna magana sai da ɗan aike. Muka same ta da hantsi a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa fiye da shekara ukun, wuyanta duk jijiya. Na zauna nesa a ƙasa, na dubi ƙanwata na ce ta gaya wa Inna ina da magana. Sannan na faɗa, kamar yadda na koya a ɗakin likita, a hankali, ba tsalle. Ledar takardu a ƙarƙashin hula, tsiyar da yake min, ƙarar ruwa, wuyan hannunsa a tafina, abin da ya ce, kututture. Ƙanwata ba ta maimaita ko kalma ba, kuka kawai take yi. Hannun Inna yana ta ɓara, yana ta ɓara, har ya tsaya.

Ta ce wa ƙanwata ta tashi ta ba mu wuri. Tun da aka yaye ni ba a taɓa barinmu mu biyu ba. Ta ɗago ta dube ni sosai, na ga ashe idanunta irin nawa ne.

"Na san ka riƙe shi," in ji ta. "Waɗanda suka yi masa wanka sun gaya min akwai shatin yatsu a wuyan hannunsa."

Wato tun ranar jana'iza ta sani. Duk shekarun da na yi ina faɗa da hannuna, ina shaƙar hayaƙi, ina zama a bencin da ake nuna ni da baki, amsar tana nan a wajenta, a inuwar rumbu. Saƙo ɗaya ya isa. A gaya masa na san ya riƙe shi. Ba ta aiko ba.

"Ni na ce ka kai shi," ta ci gaba, muryarta ba rawa. "Sau biyu na faɗa. Ka ce a jira, na ji ka. Kowa a gidan nan ya taya ni mantawa, fuskarka ce kawai ta ƙi. In na gan ka, safiyar nan nake gani. Ba ka yi min komai ba. Amma in kana jin tausayina, ka daina zuwa."

Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata tambaya kai tsaye. Na ce, "Inna, za ki gaya wa Baffa? Za ki gaya wa mutanen zaure?" Ta sunkuyar da kai, ta ɗebi gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Na jira. Da na ga jiran ba zai haifar da komai ba na ce, "To, Inna," na dafa ƙasa na miƙe.

Na bi umarninta, kamar yadda na bi na farko. Mutane suna so in ce na fahimce ta, kuma na fahimce ta ɗin. Na san nauyin abin da take gudu, tunda ni na ɗauka mata shi. Ina jin tausayinta har cikin ƙashina. Amma ina kuma jin haushinta, haushi mai yawa, kuma na daina neman gafarar kowa a kan hakan. Ta auna 'ya'yanta biyu, na kabari da na raye, ta ga na rayen ne zai iya jure a binne shi. A zaure har gobe ni ne mai taurin kan da ya ja yaro cikin ruwa. Ƙanwata ta sani, Inna ta sani, kuma kowacce tana kwana lafiya da saninta, ko ba ta kwana, ni dai ba a gaya min ba.

Bara likita ya sallame ni, ya ce ba sai na ƙara zuwa ba. Ina koyarwa ana ruwa, ina wanka da bokiti, na daina yi wa yaran mutane tsawa sai wanda ya nema. In Salla ta zo nakan kai matata da 'yata har Gwaram, in ɗora su a kan babur ɗin haya su shiga ƙauye, don ban ga dalilin da zai sa yarinya ta rasa kaka ba. Ni sai in zauna a bencin mai shayi a tasha har la'asar. 'Yan ƙauyenmu da suka fito gari sukan tsaya mu gaisa, su ce ba za ka ƙarasa ba, Malam? In ce ƙafar ce. Su ce Allah ya ƙara sauƙi, alhali sun ga lokacin da na sauko daga mota da ƙafata. Da yamma yarinyar takan dawo da lalle a hannu tana ba ni labari wai kaka ta goya ta, kaka ta ba ta ƙwai, kaka ta yi mata waƙa. In ce madalla.

Na san akwai ranar da ƙanwata za ta bugo waya, layin kuma zai yi kyau, ta ce Yaya ka taho. Ranar zan shiga gidan nan har ɗakin Inna ba mai juya min baya, Baffa ma zai matsa min wuri a tabarmar makoki tunda ni ne babban ɗanta. Ina tsoron ranar. Kuma Allah ya yafe min, wani lokaci ina zaune a bencin mai shayin nan sai in kama kaina ina jiranta.